Jinin Dogo a Ƙarƙashin Madubi

Yaya,

Salamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, ke da wannan madubin binciken da ya ƙwace mana ke. Mu nan alhamdu lillahi. Baba yana nan da ƙorafin gwiwarsa. Mama ta ce in gaya miki kin rame a hoton da kika turo, wai ko leƙen ƙwayoyin halitta ne ya zama abincinki. Matata, maman 'yan biyu, tana gaishe ki, yaran sun fara gudu, sun mayar da kujerar falo wurin tsalle.

Na rubuta a takarda na ɗauki hotonta kamar yadda muka saba, don maganar ba ta waya ba ce. In na ji muryarki zan mayar da ita wasa.

Gajiya ce ta sa ni gaba kwanakin nan. Ni da nake ɗaga kujera mai zaman mutum uku ni kaɗai, yanzu in na ja yadi a kan soso na buga 'yan ƙusoshi sai in nemi wurin zama. Na ɗauka zazzaɓi ne, na sha magani, shiru. Maman 'yan biyu ta tasa ni har asibiti, aka ɗebi jini. Da na koma karɓar sakamako sai likitar ta tashi ta rufe ƙofa kafin ta zauna.

Ta juyo mini kwamfuta ta nuna mini fararen ƙwayoyin jinina. Ta ce abin da ke tsakiyar kowace, cibiya ta kira shi, kamata ya yi ya rabu gida uku ko huɗu. Nawa gida biyu ne, da ɗan siririn zare a tsakani, kamar tabarau. Ta ce wani lokaci alama ce ta ɓargo ya fara lalacewa, don haka tana so a huda ƙashin ƙuguna a zuƙo ɓargon a duba. Yaya, ni da nake wuni da allurar kushin wadda ta fi tafin hannu tsawo, da ta nuna mini tata sai da gumi ya keto mini.

Ban gaya wa Mama da Baba ba, ke ma don Allah kada ki gaya musu. Kin sha cika mu da labarin cibiyar ƙwaya har mu yi ta hamma. To yau ga ni na zo da kunnuwana biyu. Mene ne wannan? Ki faɗa mini gaskiya, tsoro nake ji.

Ƙaninki,
Dogo

* * *

Dogo,

Wa alaikumus salam. Lafiyata ƙalau, ka ce wa Mama hasken ɗakin ne ya ramar da ni. Ka gaida Baba da maman 'yan biyu, ka ja mini kunnen yaran a hankali.

Farkon wasiƙarka gabana ya faɗi. Da na zo wurin tabarau kuwa sai na tuntsire da dariya ni kaɗai a ofis, har maƙwabcin teburina ya ɗago kai. Zauna ka ji darasin da ka daɗe kana gudu.

Cibiyar ƙwaya jaka ce mai laushi, a cikinta akwai zarurrukan gado, waɗanda muke kira kuromosom. Ba a kwance suke ba. Kullum cikin motsi suke, suna karkarwa, suna ture juna, wasunsu kuma a ɗaure suke da bangon jakar ta ciki da wasu 'yan ƙugiyoyi. Aikina ke nan tun da na baro gida: in sa musu launi mai haske, in ɗauki hoton motsinsu, in auna ƙarfin da suke jan bangon da shi. Kai ma ka san aikin. In ka soka allura ta cikin soso ka ja zare ka ɗaure maɓalli, ai kushin lotsawa yake a wurin, in ka ja wurare da yawa ya fito gida-gida. Haka farar ƙwayar jini take samun cibiya mai gida uku ko huɗu, kuma muna ganin hakan na taimaka mata ta matse ta ratsa nama zuwa inda ciwo yake. In ƙugiyoyin sun yi kaɗan, jan sai ya yi rauni, cibiyar ta tsaya a gida biyu.

Yanzu ga abin da ya ba ni dariya. A ɗakin bincikenmu in ana neman jinin mai lafiya don a gwada na'ura, ba ma zuwa nesa, yatsun junanmu muke tsirewa. Shekarar da na zo na miƙa nawa ina taƙama. Abokin aikina ya shafa a gilashi ya leƙa madubi, ya ɗago ya dube ni, ya sake leƙawa, sai ya kira kowa da kowa. Fararen ƙwayoyina kaf tabarau ne! Aka bincika, ashe gado ne, da shi aka haife ni, ƙugiyoyina ne kaɗan, kuma bai taɓa hana ni komai ba. Tun daga ranar aka hana ni ba da jini a gwaji, wai ina ɓata musu aiki.

To ka gani. Gidanmu ɗaya, jininmu ɗaya, tabarau ɗinmu ɗaya. Likitoci da yawa ba su taɓa cin karo da mai irin wannan gadon ba, shi ya sa in sun gani suke tunanin ciwon ɓargo, don shi ma yana kawo irin wannan siffar. Gajiya kuwa, wa zai wuni a wannan shagon naka marar taga yana shaƙar gam bai gaji ba? Ka kwantar da hankalinka, ni ban ga abin tsoro ba. Ka kai wa likitar wannan bayanin. Zan sa Baba da Mama su ba da jini a asibitin da suke awon hawan jini, in ce musu aikina ne, don mu samu hujjar da za ka nuna mata. In kana da hoton ƙwayoyin naka ka turo mini in yi wa ɗan'uwana a tabarau barka.

Yayarka

* * *

Yaya,

Salamu alaikum. Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara ilimi! Wallahi ranar da na karanta wasiƙarki na ci abinci har da ƙari. Kowa lafiya. Mama da Baba sun je sun ba da jinin, Baba yana ta mita wai 'yarsa ta mayar da shi ɓeran gwaji.

Ban koma asibitin ba. Me zan je yi? Ranar da aka sa za a yi hujin ina shago ina gama kujerun wani ofis. Likitar ta kira ni da kanta, na ce mata gado ne, yayata ma haka take, kuma aikinta ke nan a ƙasar waje. Ta ce duk da haka in zo. Na ce to. Irin to ɗin nan da kika sani.

Hoton yana wayata tun ranar farko, ga shi na haɗo miki. Ki gaida ƙwayoyin nawa.

Gajiyar dai tana nan, amma tunda na san ba mutuwa ba ce na daina kula ta. Na ma zama ɗan gata, jikina ya koyi shagwaɓa. Gefen benci ya ɗan goge ni a cinya, washegari wurin ya yi baƙi ƙirin kamar an buga mini guduma. In na goge haƙora kuma sai jini. Maman 'yan biyu ta ce burushin ne ya yi tauri, ta sayo mini na yara.

Ƙaninki mai tabarau,
Dogo

* * *

Dogo,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kun tashi lafiya. Ka karanta wannan da kyau, ba wasa a ciki.

Ka koma asibiti. Gobe, ba jibi ba.

Na daɗe a kan hoton da ka turo. A jinina kowace farar ƙwaya tabarau ce, duk iri ɗaya, cikinsu a cike. A naka wasu ne kawai, wasu kuma lafiya lau da gida uku, kuma masu tabarau ɗin sun koɗe. Gado ba ya zaɓe haka. In da shi aka haife ka, duk ƙwayoyin za su zo da shi. In wasu ne kawai, to wani abu ne ya taɓa wani sashe na ɓargon daga baya. Baƙin da cinyarka ta yi da jinin haƙora kuma ba na burushi ba ne.

Hotunan jinin Mama da Baba sun iso. Na Baba lafiya lau, ba tabarau ko ɗaya. Na Mama irin nawa ne sak. Ke nan daga Mama na gada. Kai ɗan ƙanin Baba ne, ba ka haɗa jini da Mama ba, saboda haka abin da ke jinina bai shafe ka ba. Bayanin da na yi maka a baya ka jefar da shi.

Likitarka ce ke da gaskiya. Ka kira ta, ka ba ta haƙuri, a yi gwajin ɓargon. Irin wannan ciwon, in shi ne, kama shi da wuri shi ne komai. Ka sanar da ni da zarar an sa rana.

Yayarka

* * *

Dogo,

Salamu alaikum. Lafiya kuwa? Na ga alamar ka buɗe wasiƙata, amma shiru. Na kira ka ya fi a ƙirga, tana shiga ba ka ɗauka, daga baya ma ta daina shiga. Na kira Mama ina kewaye-kewaye, ta ce ta kwana biyu ba ta sa ka a ido ba, wai aiki ne ya yi maka yawa.

Ka je? An yi? Ko kalma ɗaya ce ka turo mini. Ina zaune gaban madubi ina kallon zarurruka suna rawa, ban san me nake aunawa ba. Jiya sai da na zubar da aikin mako guda saboda na manta ƙwayoyin a waje sun mutu.

Yayarka

* * *

Yaya,

Salamu alaikum. Ni ce maman 'yan biyu. Ina fatan kina lafiya, ya aiki? Yara suna lafiya. Ki yi haƙuri da rubutuna, ban saba ba, kuma bai san na rubuto ba.

Bai je ba. Ranar da wasiƙarki ta zo yana zaune a tabarma yana gyara wa yara keke. Ya fara karantawa, sai na ga fuskarsa ta canza. Ya miƙo mini wayar ya ce, "Karanta ki ji matsayina." Na karanta duka, na ce, "Ai cewa ta yi ka koma asibiti." Ya ce, "Ba nan ba. Nan." Ya ɗora yatsa a kan inda kika ce bai haɗa jini da Mama ba. Ya ce, "Tun ina rarrafe nake ce mata Mama. Ashe ana sane, ana dai jiran ranar faɗa ne."

Kin fi ni sanin yadda aka kawo shi gidanku bayan rasuwar iyayensa, da yadda ba ya son ko da wasa a ce masa ɗan riƙo. Tun ranar bai taka gidan Mama ba. In ta aiko sai ya ce a ce ba ya nan.

Ni dai a nawa ganin, Yaya, fushin nan mafaka ya samu. Ya fi masa sauƙi ya yi fushi da ke da ya je a gaya masa abin da ke cikin ƙashinsa. In na ɗauko maganar asibiti sai ya ce, "Wadda ta ce gado ne ita ce ta ce ba gado ba ne. Wanne zan ɗauka?"

Jikin kuma ƙara lalacewa yake. Shekaranjiya na kai masa abinci shago, na tarar yana ɓarke yadin wata kujera da ya riga ya gama, farin yadi mai tsada na wata mata. Na ce lafiya? Ya juya mini baya. Da na zagaya sai na ga jini a jikin yadin, haɓo ne ya ɓalle masa yana cikin aiki, ga tsumma a hancinsa ya jiƙe sharkaf. Ya ce zafi ne. Leɓensa fari fat, ya kasa riƙe almakashi. Na zauna a kan soso na yi kuka, shi kuma ya ci gaba da cire ƙusoshi kamar ba ni a wurin.

Ya rantsar da ni kada in gaya wa Mama. Ni kuma ina kallon yaran nan ina rasa abin da ke mini daɗi. Ke ce yake jin maganarki ko yana fushi. Ki rubuto ta wayata, zan ajiye masa a gaba, in ya so ya fasa ta.

Ƙanwarki,
Maman 'yan biyu

* * *

Dogo,

Salamu alaikum. Ba zan tambayi lafiyarka ba, an gaya mini. Kada ka yi wa matarka faɗa, ta fi mu hankali ni da kai.

Ba zan janye maganar ba, don gaskiya ce, kuma ranka ya rataya a kanta. Amma yadda na faɗe ta, kamar ina rubuta rahoton gwaji, wannan laifina ne. Hankalina ne a tashe, in hankalina ya tashi kuma bakina bushewa yake, ka sani.

Bari in gaya maka abin da ban rubuta ba. Da hoton jinin Mama ya iso na ga tabarau, tsalle na yi. Na ɗauki biro na rubuta, "Dogo, ga hujja, daga Mama muka gada." Har na sa hannu. Ina shirin ɗaukar hoton takardar ne abin ya faɗo mini, na zauna. Ni da na ƙare ƙuruciyata a kan nazarin gadon halitta, ni da nake koya wa ɗalibai su zana wa ya haifi wa kafin su buɗe baki, mantawa na yi ba Mama ce ta haife ka ba. Tun wasiƙarka ta farko ban tuna ba, ko sau ɗaya. Da na tuna, da na tsaya na tambayi ta ina abin ya biyo kafin in ce ka kwantar da hankali, kuma da yanzu an daɗe da yi maka gwajin. Kana cewa ana sane ana jiran ranar faɗa. Da ma ina sane ɗin, Dogo! Da ban jefa ka cikin wannan halin ba.

Zarurrukan da nake aunawa abu ɗaya suka sani, daga jikin wa suka fito. Ba su san wa ya goya ka ba, ba su san wa ya sha duka a makaranta saboda ya rama maka ba. A kan ɓargo su za a tambaya. A kan sauran ba ruwansu.

Ka ce wanne za ka ɗauka, na farko ko na biyu. Kada ka ɗauki ko ɗaya. Na yi kuskure sau ɗaya daga nesa, ina iya sakewa. Ka je wurin wadda za ta duba ƙashin da idonta.

Na yi maka alkawarin ba zan gaya wa Mama ba. To na karya. In ranar asibiti ta gaba ta wuce ba ka je ba, zan kira ta in faɗa mata komai, har da farin yadin. Ka ƙi ni in ka ga dama, ka daina ce mini Yaya. Na yarda, in dai kana raye kana ƙin nawa.

Yayarka, ko ka so ko ka ƙi

* * *

Yaya,

Wa alaikumus salam. Ina fatan kina lafiya. Baba yana gaishe ki, yara ma. Ki yi haƙuri da karkacewar rubutun, a kwance nake a gefe ɗaya, ƙuguna bai yarda da zama ba tukuna.

Ban bari kin riga ni ba. Wasiƙarki ta wuni a kan benci ina zagaye ta, da la'asar na rufe shago na tafi gida da ƙafata. Na samu Mama tana shanya. Na tsara magana tun a hanya, amma da ta juyo ta ga fuskata sai ta saki zanen a ƙasa ta ce, "Me ya same ka?" Na faɗa mata duka. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kai da yayarka kun mayar da ni yarinya, har da ɗibar jinina a ce aiki ne." Ki shirya, naki faɗan yana nan tafe.

Ita ta kai ni. Ma'aikaciyar jinya ta ce 'yan rakiya su jira a waje, Mama ta ce, "Ɗana ne, kuma matsoraci ne," ta wuce ciki abinta. Ta riƙe mini kai har aka gama. Allurar ta yi zafi, amma ba kamar yadda na zana ta a raina ba.

Sakamako ya fito. Ciwon ne, Yaya. Ɓargon ya fara fitar da ƙwayoyi marasa kyau. Likitar ta ce bai kai ga mummunan matakin ba, amma da na ƙara jinkiri da labarin ya canza. Ba ta ce mini komai a kan gudun da na yi ba, hakan kuwa ya fi faɗa ciwo. An ƙara mini jini, za a fara magani, ta ce in yi nesa da gam da fenti. Na ba wani abokin sana'a sauran kujerun ya ƙarasa. Da na miƙa masa makullin shagon sai da na juya kai.

Ta ce nan gaba mai yiwuwa sai an yi dashen ɓargo, kuma an fi samun dacewa a wurin 'yan'uwa. Ta tambaye ni ko ina da wa ko ƙani ko 'yar'uwa. Na ce ina da yaya. Ta ce, "Uwa ɗaya uba ɗaya?" Mama tana zaune a gefe tana kallona. Na ce, "'Yar wan babana ce." Ban taɓa faɗar haka da bakina ba, kuma ban mutu ba. Likitar ta ce za a iya gwadawa, amma da wuya naki ya dace da nawa, kada in sa rai.

Ban sa ba. Amma rabin abin da suke faɗa ba na ganewa, Mama kuma sai ta yi ta gyaɗa kai alhali ita ma ba ta gane ba. Maman 'yan biyu tana ƙoƙari, yara sun yi mata yawa. Ki nemi hutu a wurin aikin. Ko ɓargon bai dace ba, ki zo.

Ƙaninki,
Dogo